Safiyar da Aya Ta Riga Sunan 'Ya'yana Dawowa

'Yan'uwa, salama. Na san kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba a nan, har wasu sun ɗauka fushi na yi. Ni Saratu da 'yan zumuntar matan cocinmu ke kira rediyon Gashua, ai kun san ba da son raina zan yi shiru ba.

Shanyewar ɓarin jiki na yi, magana kuma ta ɗauke.

Abin ya faro da ciwon ƙeya. In sha maganin kemis ya lafa, gobe ya dawo. Ban taɓa zuwa an auna jinina ba.

Wata safiya ina suyar ƙosai, ludayi ya suɓuce daga hannuna na dama. Na buɗe baki in kira 'yata Rahila, sai wani gurnani ya fito.

Maƙwabciyarmu Hajiya Falmata ce ta ga bakina ya karkace. Ta ce wa maigidana, "Baban Rahila, wannan ba na zama ba ne. Ga motar Alhaji, ku tashi." Aka duba ni a Gashua, aka tura mu babban asibiti a Nguru.

Awon jini, ƙarin ruwa, hoton kai, robar fitsari. Awakina duk sun tafi a kuɗin magani, har da keken ɗinkin Rahila.

Ina ji likita yana ce wa maigidana, "Hannu da ƙafa muna sa rai, in an dage da gashin ƙashi da motsa jiki. Magana kuwa, ba zan yi maka alkawari ba."

Na ji tsoro ƙwarai. Komai ina ganewa, amma in na nemi kalma sai in tarar babu. Ina kallon ɗana Ishaku, na san ni na haife shi, sunansa ya ƙi zuwa.

A gidanmu muna da wata al'ada tun yara suna ƙanana. Kafin kowa ya fita da safe, mukan zauna a tabarma, Littafi Mai Tsarki ya zaga hannu hannu, kowa ya karanta aya guda da ƙarfi. In an gama, maigida ya tambayi kowa, "Me za ka yi da ita yau?" Dole ka faɗi abu ɗaya, ko da gaida wanda kuka yi faɗa ne.

To, bawan Allahn nan har gadon asibiti ya kawo al'adar. Da ma'aikatan jinya sun gama awon safe, sai su kewaye ni. In layi ya zo kaina, ya ɗora mini littafin a cinya, su yi shiru suna jira. Ni kuwa sai hawaye.

Rahila ta kasa jurewa. Ta ce, "Baba, don Allah mu riƙa tsallake Mama. Wahala take sha."

Ya ce, "Ayarta ce. Tana raye, ba mai karanta mata."

Gaskiya a lokacin haushinsa na ji.

Amma na ga abin da karatun ya yi da su. Ranar da suka karanta inda aka ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar jikinsa, mutumin da bai san inda muciya take ba ya ce shi zai riƙa yi mini wanka da tuwo. Ya kuwa yi, har bayan an sallame mu. Tuwon duk gudaji, amma na ci. Rahila kuma ta ɗauki nauyin wanke kwanukan wata tsohuwa Bafulatana daga wajen Yusufari, da ke gadon kusa da nawa ba mai jinya.

Muka koma Gashua. Ƙafa ta fara takawa, baki shiru. Damina ta wuce, aka girbe gero, kullum ana ɗora mini littafi ana jira.

Ran nan muna Zabura, wadda ke maganar Ubangiji makiyayi, da muka sha karantawa shekara da shekaru. Ishaku ya gama tasa, aka miƙo mini. Ban ma kalli takardar ba, don har lokacin haruffa a cakuɗe nake ganinsu.

Sai na ji murya tana faɗin ayar, daga farko har ƙarshe. A karkace, a hankali, amma ba kalmar da ta faɗi ƙasa.

Muryata ce.

Rahila ta fasa ihu har Hajiya Falmata ta shigo a guje, ta zaci mutuwa na yi. Maigida kuwa ya durƙusa ya kifa kansa a tabarma, kafaɗunsa suna rawa.

Da muka koma asibiti, likita ya ce abin da harshe ya daɗe yana maimaitawa yakan sami hanyarsa daban a ƙwaƙwalwa, ciwo bai cika toshe ta ba. Na yarda da shi. Har yau dai in na tuna, mamakin Wanda ya shimfiɗa wannan hanyar nake yi.

Daga ayar nan sauran kalmomi suka riƙa biyowa. Sai a makon gaba na iya cewa "Ishaku".

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa likitoci da masu gashin ƙashi, da 'yan zumunta, da Hajiya Falmata da kununta na tsamiya. Baban Rahila, na gode da ka ƙi tsallake ni.

Don Allah ku riƙa auna jininku ko kuna jin garau. In baki ya karkace ko hannu ya saki, asibiti nan take, kada a tsaya shafe-shafe.

Iyalan Kirista kuma, ku sauko da Littafin nan daga saman kabad, ba na ranar Lahadi kaɗai ba ne. Ku karanta tare, da ƙarfi, kowa da bakinsa, sannan ku fita ku aikata ko abu ɗaya ne. Ku yi tun harshe yana juyawa. Ni ranar da nawa ya tsaya, abin da muka zuba da safe a tabarma kaɗai na tarar a ciki.