Kawu Girgiza da Ƙusar Jirgi

Duk wanda ya zauna a Warra a shekarun da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama 'yan Kebbi, ya san Kawu Mamman ba ya gaida mai mota sai ya gaida motar. Ka tsaya ka miƙa masa hannu, ya wuce ka kamar bai gan ka ba, ya kama bambar gaba ya jijjiga, ya ja madubi, ya ƙwanƙwasa lamba ya kara kunne. Sai ya gama sannan ya juyo: "Af, Alhaji, ashe kai na! Kwana lahiya? Madubinka na shirin barinka." Daga nan aka sa masa Girgiza. Ƙanen mahaifiyata ne, Allah Ya jiƙansa, na kuma daɗe ina zama kusa da shi a gaban mota, amma in na ce muku na gane inda kansa ya dosa, na yi ƙarya.

Asalinsa masassaƙin jirgin ruwa ne. Da ciwon baya ya hana shi sunkuyo, sai ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura, yana ɗaukar wa matan banda kifinsu daga Warra zuwa kasuwar Yelwa. Da wannan aiki kaɗai yake ci da gidansa. Ni kuma ina bin sa duk ranar kasuwa, in je ɗaukar karatu wurin malamina. Ina gaba, matan suna baya bisa kwanduna, shugabarsu Inna Kulu tana daidai bayan kan direba, inda hannunta zai kai ga rufin mota.

Matsalar Kawu ɗaya ce: bai yarda da noti ba. Ko kaɗan.

"Malam," in ji shi, "abin da anka murɗa ya shiga, in anka murɗa shina hita. Hanyag ga kuwa ba ta da wani aiki sai murɗa."

Saboda haka duk gargadar da muka wuce sai ya taka birki, ya fito da sifana, ya zagaye motar yana ɗaure notin bamba, da na madubi, da na ƙarfen da ke rufe taya, da na lamba. Ku kun san hanyar nan a lokacin, gargada ce aka yayyafa wa titi. Masu sarin kifi da ke zuwa daga Kudu kuwa ba sa jiran kowa. Rana na take tsaka sun ɗaure kaya sun tafi.

Wata rana Inna Kulu ta doki rufin mota har kunnena ya yi ƙara.

"Mamman! Kihi munka ɗauko ko gawa? Ko mai gawa ya hi ka sauri!"

"Inna, in bamba ta hwaɗi ta kashe ma wani akuya, ke za ki amsa gaban Allah?"

"Ni dai na gaya ma. Akwai direba Ngaski, kullum shina aiko muna goro. Ka ci gaba."

Maganar ta shige shi. Ya kwana biyu ba ya cin tuwo sosai. Sai ga shi ya tafi maƙera ya sa an ƙera masa ƙusar jirgi, irin doguwar nan da ake dokawa ta huda katako a lanƙwashe bakinta ta baya. Na iske shi a ƙofar gida ya kwance duk notin da ke jikin motar ya tara a ƙwarya, yana ta dukan ƙarfe da guduma.

Na ce, "Kawu, mota ce fa, ba jirgi ba."

Ya ce, "Ka taɓa jin jirgina ya zubar da katako cikin Kwara?"

"A'a."

"To tashi ka ba ni wuri."

Ranar kasuwa muka tashi, motar na gudu kamar an koro ta. Ba tsayawa, ba sifana. Matan har guɗa suka yi. Ni kaina na fara tunanin ko dai Kawu ya fi masu ƙera mota hikima. Muna wuce Ngaski sai ji muka yi fus! Taya ta sace.

Inna Kulu ta ce, "Ba komi. Ciro safaya."

Kawu ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota inda take rataye, ya daɗe yana kallo, ya miƙe yana murmushi.

"Tana nan lahiya lau."

"To ciro ta mana!"

"Ba ta hita."

"Kamar yaya ba ta hita?"

"Inna, ai don kada ta hita anka yi aikin."

Jama'a, ashe har ƙarfen da ke riƙe da safayar ya doka wa ƙusa ya lanƙwashe! Haka na naɗe rigata na gangara da tayar da ta sace zuwa wurin mai faci, ina tafe ina istigfari, ina tambayar kaina ko aikin ya yi kyau ne ko bai yi ba. Don in ka duba, abin da ya nufa ya samu. Har yau ban warware wannan mas'ala ba.

Ba a jima ba aka ce kowa ya sake lambar mota, a cire ta Sakkwato a sa ta Kebbi. Kawu ya karɓo nasa guda biyu. Ta gaba ya yi ta fama da ita har ta ɓalle, ya doka sabuwa. Ta baya kuwa ƙusar ta ce ba inda za ta. Ya kira ni wai in duba masa ko bambancin na da yawa. Ni da karatuna na ajami ne, na dubi wannan na dubi waccan, duk suka yi mini kama da tsaiwar kara a shinge. Na ce, "Kawu, kusan ɗaya ne." Ya ce, "Madalla, malami ya yi hwatawa."

Kafin mu shiga Yelwa akwai shingen masu duba motoci. Wani jami'i dogo ya tsayar da mu, ya karanta gaba, ya zagaya ya karanta baya, ya dawo gaba, ya cire hula ya sosa kai.

"Baba, motar nan ta wace jiha ce?"

"Ta Kebbi."

"Bayan fa?"

"Ɗana, jihar ma yaushe anka yi ta? Gaban ya shigo. Bayan na nan tahe."

Jami'in ya kira abokin aikinsa, shi ma ya zagaya. Suka yi ta shawara ko mota ɗaya ce ko biyu aka haɗa. Suka tambaye ni, na ce ni fasinja ne. Kafin su gaji su sallame mu da gargaɗi, rana ta karkata. Muka isa kasuwa muka tarar masu sari sun tafi, sai ƙudaje.

Ran nan Inna Kulu ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta zauna bisa kwandonta ta ce a hankali, "Mamman, ɗiyanmu da wanga kihi suka ci. Kasuwa mai zuwa in munka makara, ka yahe muna, mu yahe ma."

Muka kama hanyar komawa. Na saci kallonsa, na ga tsoho ne kawai riƙe da sitiyari, yana tunanin bakunan da ke jiransa a gida.

Ranar kasuwa da sassafe na iso bakin tasha, na ga wata aba a tsaye kamar kazar da aka fige. Ba bamba, ba madubi, ba lamba, ba marufin taya. Ashe ya sa maƙeri ya datse ƙusoshin kaf. Kayan kuwa ga su nan jere a kan tabarma.

Na ce, "Innalillahi! Kawu, ɓarayi?"

"Wane ɓarayi! Na yi nazari, Malam. Noti na kwancewa, ƙusa ba ta hita. Na bar su duka. Abin da ba a liƙa ba, ba shi hwaɗuwa."

"To ina za a sa waɗannan?"

"Ba ku da hannuwa?"

Ya fara rabo kamar naman layya. Bamba ya shimfiɗa ta bisa cinyoyin mata uku. Safaya ya ba wata ta zauna a kai. Lambar baya ya miƙa wa Inna Kulu, ta gaba ya jingina ta jikin gilashi daga ciki. Ni kuma ya danƙa mini madubi, ya ce in fitar da hannu ta taga in riƙe.

"Ɗaga kaɗan. A'a, gemunka nika gani. Karkata. Yawwa, tsaya haka har Yelwa."

Inna Kulu ta juya lambar a hannunta ta ce, "Mun ga motar da ke ɗaukar mutane. Yau ga wadda mutane ke ɗauka." Amma ta hau.

A shinge sai ga dogon jami'in nan. Ya dubi motar ya ja da baya.

"Baba, ina lamba?"

Inna Kulu ta ɗaga ta sama da hannu biyu.

"Madubi fa?"

Na kaɗa masa shi, hannuna duk ya sage.

"Bamba?"

Mata uku suka ce, "Ga ta."

"Baba, a jikin mota aka ce su kasance."

Kawu ya ce, "To su waɗanga a jikin mi suke?"

Bawan Allah ya dube ni ko zan taimake shi, ni kuwa na fi shi ruɗewa. Ya ɗaga sandar shingen da kansa, yana cewa, "Ku tafi, don Allah ku tafi, kaina ciwo yake."

Mun shiga kasuwa masu sari ko tabarma ba su shimfiɗa ba. Kafin hantsi kwanduna sun zama wayam. Kawu ya tsaya gefe yana murza hula, yana jiran hukunci. Inna Kulu ta zo ta wuce shi da lamba a hammata.

"Inna, lambata."

"Wace lambarka? In bar ma ita ka doka mata ƙusa? Gidana za ta kwana. Ka taho da wuri ran kasuwa."

Shi ke nan, direban Ngaski ya yi asarar goronsa. Daga ranar kowace mace ta san kayanta, da shi take kwana, da shi take fitowa. In wata ba ta da lafiya sai ta aiko ƙanwarta da marufin taya. Ko wannan ya halatta a dokar hanya, wallahi ban sani ba, kuma ban ba kowa shawarar ya gwada ba. Ni dai kafaɗata ta dama har yau tana gaya mini in hadari ya taso.

Da Allah Ya karɓi ran Kawu, muna zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, sai ga matan banda sun jero, kowace da ƙarfe a ka, sun kawo wa magada. Mutane suka fara ƙunshe dariya, har liman ya sunkuyar da kai. Suka ajiye ɗaya bayan ɗaya. Inna Kulu ce ta ƙarshe, ta tsufa ƙwarai lokacin. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta goge lambar da gefen mayafinta, ta daɗe ba ta sake ta ba.

Ta ce, "Malam, ya ɓata muna lokaci, amma ko wutsiyar kihi bai taɓa ɓatar muna ba. Yanzu wa za ni riƙa ma wa?"

Ba wanda ya sake yin dariya.

Allah Ka jiƙan Kawu Mamman, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci. Ya rayu yana tsoron kada wani abu nasa ya faɗi ya cuci bawanKa a hanya. Ya Allah, Ka riƙe shi da riƙonKa, kada Ka sake shi. Amin.