Ɗakin da Dada Ta Zaɓa

Har yau, in na tuna ranar da na kai Alhaji Buba ganin gida a unguwar Pumpumre, sai in yi wa Allah godiya. Ku yaran yanzu masu tallar gida da hoto a waya, ku ɗan ba ni kunnenku.

Shekarun nan ne da aka zaftare albashin ma'aikata, gidaje suka yi ta fitowa kasuwa a Garwa. Ni ƙaramin dillali ne a hannun maigidana, Malam Garba. Ƙa'idarsa ba ta canzawa. Mai saye ya fara ganin gida, sai a shiga a gaida maƙwabta a ji ko akwai rigima, daga nan a je wurin jauro, wato mai unguwa. Notar, mai buga hatimin ciniki, shi ne na ƙarshe. Mu samari muna ganin gaisuwar maƙwabtan nan ɓata lokaci ce, amma wa ya isa ya tsallake ta?

Gidan na bulo ne, a tsakiyar gari. Mai shi ma'aikaci ne da aka mayar kudu, shi ma saya ya yi, bai daɗe a ciki ba. Alhaji Buba kuwa falken shanu ne daga Banyo, ƙaton mutum, yana so ya dawo da mahaifiyarsa kusa da asibiti. Da ita muka zo. Dada yake ce mata, tsohuwa ce siririya, kunnenta ya yi nauyi. Damina ta yi nisa, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi.

Dada ta zaga ko'ina, ta tsaya a ɗakin baya.

"Nan ne nawa," in ji ta. "Ya fi ko'ina sanyi."

Azahar ta yi, sai ta yi alwala ta shimfiɗa darduma a can ƙurya. Mu kuma muka fita gaida maƙwabci, wani tsohon mahauci, Baba Iro. Muka same shi a zaure yana wasa wuƙa.

"Rigima kam babu," ya ce. "Ina tsohuwar take?"

"Tana salla a ɗakin baya."

Sai wuƙar ta faɗi daga hannunsa.

"Na baya? La ilaha illallahu! Ai rijiya ce a wurin! Da aka kawo famfo, mu muka rufe ta da itace da ƙasa. Waɗanda suka zo daga baya suka shafe da siminti suka ɗora ɗaki. Itacen nan yanzu ai gara ta gama da shi."

Ban san lokacin da na isa ƙofar ɗakin ba. Dada ta riga ta ta da kabbara, ta ba mu baya. A lokacin ne idona ya ga abin da bai gani ba ɗazu: tsakiyar daɓen ta lotsa kamar kasko, ga tsaga ta bi ta har gefen dardumar.

Alhaji ya yunƙura zai faɗa ciki, na riƙe masa riga da hannu biyu.

"Alhaji, don girman Allah! In ka taka, ku biyu za mu rasa."

"To in ƙwala mata kira?"

"In ta firgita, ta tsakiya za ta biyo."

Haka muka tsaya, maza uku, ba mai motsi. Duk sanda gwiwar Dada ta taɓa ƙasa, sai mu ji yashi yana zuba can ƙarƙashi. Ita kuwa salla take a natse, irin ta tsofaffi, ba gaggawa. Tsoro ya kama ni. Abu ɗaya ke yawo a kaina: ni na buɗe mata ƙofar nan da hannuna. Alhaji yana ta motsa baki, hawaye na bin gemunsa.

Da ta sallame, ya daure ya ɗaga murya a hankali.

"Dada, taso. Ki biyo jikin bango."

"Jikin bango? Ni ƙadangare ce?"

"Useni, don Allah, Dada, ki yi yadda na ce."

Ta taso tana mita, tana dafa bango, har ya miƙa hannu ya ɗauke ta cak. Ta ce a koma a ɗauko mata dardumarta. Baba Iro ya ɗauki bulo ya jefa tsakiyar ɗakin. Daɓen ya rufta gaba ɗaya, da dardumar da komai, kuma sai da muka ɗan jira kafin mu ji ƙarar ruwa.

Dada ta leƙa ramin. Sannan ta ce, "Ashe shi ya sa ɗakin ke da sanyi."

Alhaji bai sayi gidan ba, ban kuwa ga laifinsa ba. Da na ba Malam Garba labari, bai yi mini dogon wa'azi ba. Ya ce daga yau a gaida maƙwabta tukuna, sannan a sa mabuɗi.

Abin da ranar ta koya mini ke nan. Notar ya san girman fili da sunan mai shi, amma abin da ke ƙarƙashin daɓe, sai wanda ya tsufa a layin. Har na bar aikin nan ban sake buɗe wa kowa gida ba sai na zauna a zauren maƙwabci. Kuma in mai saye ya yaba mini sanyin ɗaki, ni nake fara fita.