Fulogi Huɗu a Kiret Ɗin Ƙwai

A shagon kayan mota, wani dattijo mai biro uku a aljihu yana ajiye kiret ɗin ƙwai a kan kanta, a hankali, kamar wani abu zai ƙyanƙyashe. Tsofaffin fulogi huɗu ne a ciki, kowanne a raminsa, bisa jerin yadda ya ciro su daga inji. Ina zargin tsohon malamin makaranta ne, don har lamba ya ba su.

"Uwar yara ta ce gobe a sayar da motar," in ji shi. "Wai motar ta fi ni tari."

Mai shago yana duban bakin na ukun, wanda ya ƙone fari fat. "Baba, injinka lafiya lau. Mota mai turbo, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, zafinta daban ne, an sa maka fulogin da ba nata ba."

Dattijon yana dariya har hularsa tana zamewa. Mai shago ya miƙo masa sababbin fulogi huɗu, shi kuma yana ɗaga su zuwa haske, yana yi wa kowanne sannu da zuwa. Sannan ya kira gida, ya gyara murya.

"Uwar yara, motar ta warke. Saura ni."