Rumbun Madam Dijatu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba 14 ga Mayu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Madam Dijatu Bilal, malamar lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyenmu kusa da Tabla, bayan jinya ta kwana tara.

Dijatu, ni ne na fi kowa cancantar yin shiru, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tsofaffinmu suna ba da labarin Magagi, wanda a wata shekarar yunwa ya liƙe rumbun irin shuka na garinmu da laka, ya zauna gindinsa da baka wata bakwai. Ko 'yan ɗakinsu ya hana. Aka zage shi, aka jefe shi. Da ruwa ya sauka, garinmu kaɗai ke da abin shukawa, har ya ɗebar wa maƙwabta.

Ke ba ki tsaya ga faɗar labarin da baki ba. Kin sa yara sun gina rumbu da hannunsu a filin lakwal. Bayan girbi kowa ya kawo zangarniyar hatsi, a liƙe baki. Kowane mako yaro ɗaya ne Magagi, da bakansa na kara, sauran su zo roƙo, kowa da dalilin da ya ƙago. Kin tura su wurin kakanni su jiyo labarin, su dawo su yi gardama: Magagi jarumi ne ko marar tausayi? Ba ki taɓa raba musu gardamar ba.

Ina sufeton makarantu na tarar da ke cikin laka har gwiwar hannu. Na ce wannan ba ya cikin tsarin karatu. Kika ce, "Mushe Kailu, kai wa ya ba ka labarin Magagi?" Na ce kakata. Kika ce, "To su nasu kakannin ƙarewa suke." Na ji haushi, na rubuta cewa kina ɓata lokacin yara. Shekara talatin ina aika rahoto Yamai ba mai buɗewa, sai wannan ɗaya aka karanta. Ya hana ki ƙarin girma shekara uku. Ba ki taɓa tayar da maganar ba. Duk damina dai sai ki aiko mini da ƙullin iri daga rumbun, ni kuwa ko na gode ban ce ba.

Ranar sadakar uku, jama'a ta zo daga Bonkuku, daga Filinge, har daga Baleyara, yawancinsu ɗalibanki. Hatsin fura ya gaza. Ni, da duk takardun shaidata, na ce a je a buɗe rumbun lakwal, ai na marigayiya ne. Muka tarar da 'yan aji sun kewaye shi. Hasana, 'yar shekara goma sha ɗaya, ita ce Magagi a makon. Idanunta sun kumbura da kuka, amma ba ta ajiye bakanta ba. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, iri ne. Ko Madam ce ta tashi ta roƙa, sai ruwa ya sauka."

Na ga ministoci, na ga masu digiri sun sayar da abin da aka ba su amana. Na daɗe da yanke ƙauna da ƙasar nan. Ran nan na koma gida da kunya, amma rabon da in yi alfahari da mutanenmu haka har na manta.

Shekaranjiya ruwa ya sauka. Hasana ta fasa lakar, aka raba. An ba ni ƙullina, na shuka shi da hannuna.

Allah Ya jiƙan ki, Dijatu, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa maigidanki Malam Abdurrazak, da ɗiyarki Nasiba, da 'yan ajinki ta'aziyya. Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma ina roƙon ku yafe mini a madadinta.

Abdulgafar Kailu, tsohon sufeton makarantu, Filinge