Ranar da Na Yi Aikin Gawa

Har gobe ba zan manta da ranar da aka ɗauke ni aikin gawa ba. Ku sababbin shiga, ku saurara. Mu 'yan cike fage ne a fim, masu wucewa ta bayan jarumi da jarida a hannu, ba magana, ba suna. Na daɗe ina yi har 'yata Hanan ta daina nemana a allo. Abin ya ci mini rai, na yi mata alkawarin wata rana sai ta gan ni ni kaɗai a gaban kyamara.

A wani tsohon sito a unguwar Tottenham, a nan ƙasar Turawa, aka yi aikin, an mayar da shi asibitin soja. Fim ne na Indiyawa kan wani jagoransu na neman 'yanci. Hukuma ta ce ya ƙone a haɗarin jirgin sama a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, magoya bayansa suka ce ƙarya ne, sulalewa ya yi. Jarumin fim ɗin ya ƙi kwanciya a matsayin gawa, wai yana da gida a garinsu, ba ya son masu cewa bai mutu ba su farfasa masa tagogi. Mataimakiyar darakta, mai raba mana aiki, ta ga tsawona ya yi daidai. Aka naɗe ni da bandeji daga kai zuwa idon sawu, aka bar mini hanci.

Furodusoshin wa da ƙani ne. Babban ya sunkuyo ya ce mutumin ya mutu, kada in kuskura in yi numfashi. Yana juya baya ƙaramin ya raɗa mini cewa bai mutu ba, in ɗan motsa yatsa. Darakta, wani Bature mai gemu, ya ce shi ba ya ɗaukar ɓangare, wato yana jiran ya ga wanda ya fi murya. Suka yi ta musu a kaina ina jiƙe da gumi, ba wanda ya tambayi ko gawa na son ruwa. Garin haka wani ya ja mayafin da aka rufe ni da shi, ƙafata ta leƙo, ba wanda ya lura.

Da fim ya fito muka je sinima a Stratford. Ga gado, ga likita na girgiza kai, ga ƙafa baƙa ƙirin da kaushinta na mutumin da ya tashi a gona. Hanan ta tuntsire da dariya: "Baba, that's your foot! Ƙafarka ce! Ban ce ka riƙa shafa mai ba?" Na ji kunya, amma wallahi na ji daɗi.

Kafin a ce me, masu cewa bai mutu ba sun cika intanet da hoton ƙafata, wai ga shaida an musanya gawa. Ɗaya ɓangaren suka ce ƙuna ce ta baƙanta ta. Darakta ya fito a talabijin yana shafa gemu, ya ce da gangan ya bar ta don mai kallo ya yanke wa kansa hukunci. Na buga waya na roƙi a sa sunana. Mataimakiyar ta ce: "Mista Sabo, ka rufa mana asiri. In aka san mai ƙafar, a kan me za su yi musu?"

A nan na gane mutanen sana'ar nan. Ba ruwansu da yadda mutum ya mutu, gardamar suke sayarwa. Wancan bawan Allah sun hana shi mutuwa, ni kuma sun ƙwace mini ƙafa ina raye.