Ɗan Asabe da Saniyar Birnin Delhi

Duk wanda ya san karar shanu ta Talata Mafara ya san Ɗan Asabe mahauci, Allah ya jiƙansa. Hannunsa ba ya wuce saniya. Ko masallaci za shi ya ci karo da garke, sai ya dafa tozo, ya matsa gindin wutsiya, ya ɗaga leɓe ya duba haƙora, ya faɗi irin kitsen da za a samu. Wurin mahaifinsa ya gada, bai ma san yana yi ba. Abokai sun sha yi masa tsiya cewa ko a mafarki shanu yake latsawa.

Bai taɓa wuce Gusau da Sakkwato ba, sai da ƙodar ɗiyarsa Ramla ta lalace. Likitoci suka ce tasa ta dace da jikinta, amma sai an je Indiya a yi dashen. Dangi da mahauta suka haɗa hannu, uba da ɗiya suka hau jirgi zuwa Delhi.

Garin ya ɗaure masa kai tun daga bakin filin jirgi. Mutane kamar an juye kasuwar Talata sau dubu, birai suna yawo kan wayar lantarki, abinci kwano-kwano babu ko tsoka ɗaya. Amma abin da ya sa ya riƙe baki shi ne shanu. Ga su kwance tsakiyar titi, ba igiya, ba makiyayi, motoci na kauce musu. Shi da ya baro ƙasar da ake kwana da fargabar ɓarayin shanu, ya tambayi tafintan da aka haɗa su da shi na wane ne waɗannan. Tafinta ya ce na kowa ne kuma ba na kowa ba, girmama su ake yi kamar uwa. Ɗan Asabe ya yi salati, ya ɗauka wasa ne.

Likita ya ja masa kunne ya kula da jikinsa, domin ko ƙaramin rauni zai sa a ɗaga aikin, jikin Ramla kuwa ba zai jure jira ba.

Ana gobe za a kwantar da shi, ya fito da hantsi neman shayi. A bakin wani lungu ya ga farar karsana, mai sheƙi, irin wadda bai taɓa gani ba ko a kasuwar Maradun. Kafin hankalinsa ya dawo, hannu ya riga ya tafi. Ya daki cinya, ya matsa gindin wutsiya, ya buɗe mata baki. Sannan ya shafa maƙogwaronta da yatsa, daidai inda wuƙa ke sauka.

Wannan shafar kowa ya gane ta, ba sai da tafinta ba. Nan take aka kewaye shi, ana magana da ƙarfi cikin harshen da bai sani ba. Wani ya fizge hularsa, wani ya ɗaga sanda. Ɗan Asabe bai kare kansa ba, bai kare fuska ba. Durƙusawa ya yi ya rungume kwiɓinsa da hannu biyu.

"Ku bugi ko'ina," yake faɗa da Hausa, "ban da nan. Wagga ba tawa ba ce, ta ɗiyata ce."

Wata tsohuwa mai sayar da furanni ta ratsa taron. Ta dube shi, ta dubi inda ya riƙe, ta dubi zaren shaida da asibiti ya ɗaura masa a wuyan hannu. Sai ta ɗauko sarƙar furanni ta damƙa masa, ta nuna wuyan karsanar.

Shi Musulmi, ɗan mahauta, ya rataya wa saniya fure? Ya tuna Ramla kwance, ƙafafu sun kumbura. Ya miƙe, bismillar da ya saba yi a wuyan dabba ta suɓuce daga bakinsa, ya rataya furen. Aka sauke sanda. Wani ma ya kakkaɓe hularsa ya miƙo masa.

Aka yi dashen lafiya. Da ya dawo, kafin ya shiga gida ya nufi wurin Malam Hayatu limaminsu, ya tambaya ko ya yi shirka. Malam ya ce Allah zuciya yake dubawa, zuciyarsa kuwa tana wurin ɗiyarsa. Duk da haka har ya bar duniya yana istigfari a kan furen nan, kuma bai sake taɓa saniya ba sai ya tambayi mai ita.

Bana da damina zazzaɓi ya ɗauke shi, muka kai shi makwanci. Ramla tana aure a Bakura, da goyonta. Ranar sadakar uku ta zauna cikin mata tana amsa gaisuwa, hannunta dafe da kwiɓinta.

Allah ya kai haske kabarinka, Ɗan Asabe.