Littafin Adana Hatsi da Hajiya Ta Tafi da Shi Paki

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar Alhamis, ranar da aka ba da dogon hutu, Hajiya shugabar makaranta ta shigo ɗakin karatu. Har yau ranar nan ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka zo horo bana, gara ku ji labarin daga bakina kafin Malam Isiyaku ya ba ku shi da ƙari.

A lokacin ina shekara ta biyu a kwaleji, ina karanta aikin laburare, aka turo ni horon wata huɗu a wannan makarantar kwana ta 'yan mata da ke Makarfi. Kun san littafin da wanda ya zo horo yake rubuta aikinsa na kullum a ciki. In shugabar wurin ba ta sa hannu a shafin ƙarshe ba, horo bai yi ba, sai a maimaita. Ku riƙe wannan a ranku.

Ga yadda ake ba da aron hutu a nan. Kowace ɗaliba littafi ɗaya take ɗauka. Kafin ya fita sai an yi masa riga da takardar buhun siminti, saboda damina da hannun ƙanne. A rubuta sunansa a kan rigar, a cika kati da lambarsa, yarinya ta sa hannu. Malam Isiyaku, wanda shi ne mai kula da laburaren, ya bar mini aikin rigar gaba ɗaya, wai rubutuna ya fi nasa kyau kuma idonsa ya yi rauni.

Dokar Hajiya ita ce littafin darasi kaɗai zai tafi gida. Littattafan labari na Hausa da wata tsohuwar ɗaliba ta kawo kyauta, cewa ta yi a zuba su a kwali a tura ƙarƙashin tebur, hutu ba lokacin shiririta ba ne.

Ni kuwa na duba littattafan da suka dawo daga hutun baya, ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ko buɗe su ba a yi ba. Wani na kimiyya ya dawo da zagayayyen tabo a bayansa. Na nemi mai katin, wata Hindatu 'yar aji biyar daga Gubuchi, na tambaye ta a hankali.

Ta ce, "Wallahi Anti ya yi amfani sosai. Da shi muke rufe kwanon fura."

Ban iya surutu ba, ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma na iya karatu. Cikin mako uku na karance kwalin nan kaf. Duk wanda ba zan so mahaifina ya gani a hannuna ba, na mayar da shi ƙasa. Sauran na yi musu riga, na rubuta musu sunayen littattafan da ke kan kanta shekara da shekaru ba mai taɓawa, sannan na ɗiga jan biro a ƙasan kowace riga don kada in ruɗe. Kafin ranar hutu, labarin jan ɗigon ya zaga cikin 'yan matan. A kati kuwa lambar gaskiya na rubuta. Ƙarya a kati dai ba zan iya ba.

To, ranar Alhamis ɗin 'yan mata sun yi layi har bakin ƙofa, Hajiya ta shigo ta ga cunkoso, ta yi murmushi.

"Ikon Allah! Yaushe yaran nan suka fara son karatu haka?"

Ta tsaya a kan tarin littattafan tana juya su. Sai ta ɗaga ɗaya.

"Dabarun Adana Hatsi. Kai, wannan ni ya dace da ni. Masarar bara duk ƙwari sun shiga mana ita a gidanmu na Paki. Rukayya, cika mini kati."

Jan ɗigon yana ƙasan rigar, ina kallonsa. Can cikin layi, Hindatu ta cusa bakin hijabinta a baki. Ni kuwa sai hannuna ya ɗauki biro ya cika kati tsaf, har da ranar dawowa.

Malam Isiyaku ya karɓi katin ya kai shi kusa da hancinsa. Ya daɗe yana duban lambar.

"Allah ya sa a amfana, Hajiya."

Da motarta ta fita ya juyo ya ce, "Rukayya, wannan lambar ba ta ɓangaren noma ba ce."

Na sunkuyar da kai.

"Ni dai ban ga komai ba. Kin san idona ya mutu."

Kwana tara na yi ina zuwa aiki ina jiran kira. Duk wayar da ta yi ƙara sai in ɗauka Hajiya ce. A na goma na ɗauko ainihin littafin hatsin daga kanta, na kaɗe masa ƙura, na sa littafin horona a jaka, na shiga motar Paki.

Na sami Hajiya a tsakar gida, an baza masara a tabarma ana shanyawa kafin hadari ya haɗu. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi Malam Isiyaku, ta tambayi ruwa a wajenmu. Da gaisuwa ta ƙare na miƙa mata littafin da hannu biyu, na faɗi abin da na yi tun daga farko.

Fuskarta ba ta motsa ba.

"Guda nawa kika yi wa wannan rigar?"

"Ashirin da uku, Hajiya."

"Wa ya zaɓa?"

"Ni ce. Sai da na karanta kowanne."

"Wato na buɗe littafi ina neman maganin ƙwari, na tarar da wata nas da direban babbar mota suna musu a kan kuɗin allura. Rukayya, ke da ko kallon mutum ba kya iya yi?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da littafin ta ajiye a gabana. Rigar simintin ta yi laushi, gefen shafukan ya yi duhu da yatsa, kuma har shafin ƙarshe haka yake. Na san labarin: kashi na ɗaya ne, yana tsayawa daidai inda direban ya iso bakin gada ruwa ya shanye ta, nas ɗin tana can ƙetare.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku ɗauka: kati yana nuna wanda ya ari littafi ne kawai, gefen shafi ke nuna wanda ya karanta. Kuma in kuna ganin doka ba ta yi ba, ku je ku faɗa da baki, kada ku yi wa littafi rigar wani. Ban ce ku bi hanyata ba. Amma ku lura, kwalin nan ba ya ƙarƙashin tebur yanzu.

A ranar dai ban san da wannan ba. Na fito da littafin horona, na buɗe shafin ƙarshe, na tattaro ɗan ƙarfin halin da ya rage mini.

"Hajiya, sa hannun fa? Ko sai na maimaita?"

Ta dubi shafin, ta dube ni, ta tura mini ainihin littafin hatsin da yatsa ɗaya.

"Tafi da wannan, ƙwarin sun riga sun gama aikinsu. Ki koma ki kawo mini kashi na biyu gobe da safe. In direban nan ya haye, zan sa miki hannu."